Muhawara: Baftismar ruwa shaida ce kawai, ko akwai abin da Allah yake yi a cikinta?

Malam Bitrus:
Ina gaishe ku duka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Zan kafa magana a gabanku wadda na san ba kowa ne zai karɓe ta ba. Baftismar ruwa shaida ce kawai, wadda mai bi yake bayarwa a gaban ikilisiya da sauran jama'a cewa ya riga ya tuba ya karɓi Almasihu. Ba ta ƙara kome a kan cetonsa, ba ta kuma wanke zunubi ko ɗaya. Manzo Bulus ya faɗa a Afisawa 2:8-9 cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, ba ta ayyuka ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Yesu bai shiga ruwa ba, amma a ranar nan aka yi masa alkawarin Firdausi. A gidan Karniliyus, Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa masu sauraro tun Manzo Bitrus yana tsakiyar wa'azi, sai daga baya ya ba da umarni a yi musu baftisma. Siman mai sihiri na Samariya kuwa an yi masa baftisma, duk da haka Bitrus ya ce masa zuciyarsa ba daidai take a gaban Allah ba. Idan haka ne, jariri ba zai iya ba da shaidar abin da bai sani ba, yayyafa masa ruwa ba baftisma ba ce, kuma in ya girma ya ba da gaskiya, wadda za a yi masa ita ce ta farko, ba ta biyu ba. Haka muke koyarwa a ECWA, haka kuma nake koya wa 'yan ajina.

Katikis Fransis:
Malam Bitrus, na gode da ka fito da maganar a fili, domin ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ayoyin da ka kawo gaskiya ne, sai dai ka bar 'yan'uwansu a baya. A ranar Fentikos, da mutane suka tambayi manzanni abin da za su yi, Manzo Bitrus ya ce su tuba, a yi wa kowannensu baftisma cikin sunan Yesu Almasihu domin gafarar zunubansu, aka kuwa yi wa mutum wajen 3,000 a ranar. Shawulu, wato Bulus, ya riga ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu, ya yi kwana uku ba ci ba sha yana addu'a, amma Hananiya ya ce masa ya tashi a yi masa baftisma, ya wanke zunubansa yana kira ga sunan Ubangiji, kamar yadda yake a Ayyukan Manzanni 22:16. Wasiƙar Titus 3:5 tana maganar wankan sabuwar haihuwa, Yohanna 3:5 yana maganar haihuwa ta ruwa da Ruhu, 1 Bitrus 3:21 kuma ta ce baftisma tana cetonku. Ba zai yiwu dukan waɗannan su zama adon magana ba.

Inda muka rabu shi ne ka sa baftisma a cikin jerin ayyukan mutum. Ba wanda yake yi wa kansa baftisma. Kawo shi ake yi, hannun wani ne yake riƙe shi, kalmomin da ake faɗa a kansa kuma ba nasa ba ne, Almasihu ne ya ba da su a Matiyu 28:19. Mutum karɓa yake yi, abin da aka karɓa kuwa kyauta ne, saboda haka ayar Afisawa ba ta yi karo da mu ba. Game da ɓarawon, ya mutu kafin a ba da umarnin baftisma, bayan haka ikilisiyar Katolika ba ta taɓa koyar da cewa hannun Allah a ɗaure yake ba. Katikism ɗinmu na 1992, wato littafin koyarwar bangaskiyarmu, ya ce Allah ya haɗa ceto da baftisma, amma shi kansa ba a ɗaure yake da sakramentinsa ba, wato hidimomi masu tsarki irin su baftisma. Shi ya sa muke da begen ceton wanda aka kashe saboda Almasihu kafin ya kai ga ruwa, da wanda mutuwa ta riske shi yana cikin ajin baftisma.

Malam Bitrus:
Katikis, ka ƙarasa mana ayar Bitrus da ka ɗauko. Bayan ya ce baftisma tana cetonku, nan take ya ƙara da cewa ba fid da dauɗar jiki yake nufi ba, sai dai lamiri mai kyau da ake kaiwa gaban Allah, ta wurin tashin Yesu daga matattu. Wane lamiri ne jariri ɗan kwana takwas zai kai? Sa'an nan Bulus ya rubuta wa Korantiyawa cewa ya gode wa Allah da bai yi wa kowa a cikinsu baftisma ba sai Kirisbus da Gayus, ya kuma ce Almasihu bai aiko shi yin baftisma ba, sai wa'azin bishara. Da gafarar zunubi a cikin ruwan take, da manzon al'ummai bai yi godiya don ya yi wa mutane kaɗan ba.

Rabaran Ishaya:
Salama gare ku. Malam Bitrus, dalilin maganar Bulus yana cikin surar kanta. Ikilisiyar Koranti ta rabu kashi-kashi, wani yana cewa shi na Bulus ne, wani na Afolos, wani na Kefas, sai Bulus ya gode da ba wanda zai iya cewa cikin sunan Bulus aka yi masa baftisma. Hujjarsa ma girman baftisma take nunawa, domin abin da yake nufi shi ne, wanda aka yi maka baftisma cikin sunansa, kai nasa ne. A aya ta 16 kuma ya tuna cewa ya yi wa iyalin gidan Istifanas. Haka aka yi wa Lidiya da mutanen gidanta a Filibi, haka kuma mai tsaron kurkuku da dukan nasa. Ba zan ce an rubuta cewa akwai jarirai a gidajen nan ba, domin ba a rubuta ba. Amma mu da muka san yadda gida yake, da mata da 'ya'ya da jikoki da barori a cikin shinge ɗaya, zai yi mana wuya mu ɗauka cewa a gidaje uku ba a sami mai goyo ko ɗaya ba.

Manzanni Yahudawa ne, sun tashi sun ga ana sa wa yaro alamar alkawari a rana ta takwas bisa ga Farawa 17, tun bai san sunan Ibrahim ba. Bulus ya ajiye kaciya da baftisma kusa da juna a Kolosiyawa 2:11-12, Bitrus kuma ya ce a ranar Fentikos alkawarin naku ne da 'ya'yanku. Da za a fitar da yara daga alamar sabon alkawari, da mun ji hayaniyar a cikin wasiƙu kamar yadda muka ji ta kaciyar al'ummai, amma ba mu ji ba. Mu a LCCN, ikilisiyar Lutheran, wadda aikinta ya fara a Numan a 1913, muna koya wa yara abin da Martin Luta ya rubuta a ƙaramin katikism na 1529, cewa ba ruwa ne yake yin waɗannan manyan abubuwa ba, Maganar Allah ce da take tare da ruwan, da bangaskiyar da take dogara ga Maganar.

Tarihi ma yana da abin cewa, a nan nahiyarmu kuwa. Wajen shekara ta 200, Tartuliyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya ba da shawara a jinkirta baftismar ƙananan yara, wanda ya nuna cewa ana yinta a zamaninsa. Bayan kimanin shekara hamsin, wani bishof mai suna Fidus ya tambaya ko a jira rana ta takwas, sai Sifiriyan, bishof na Kartaj, da taron bishof 66 a birnin suka amsa cewa ba sai an jira ba. Gardamarsu a kan rana ce, ba a kan ko a yi ko kada a yi ba.

Mama Rifkatu:
Rabaran, ranka ya daɗe, maganar gidajen nan ba ta kama ni ba. A gidan mai tsaron kurkukun, an rubuta cewa Bulus da Sila sun faɗa wa dukan mutanen gidan Maganar Ubangiji, dukansu kuma suka yi murna saboda an ba da gaskiya ga Allah. Mai goyo tana ji, abin da ta goya ba ya ji. Tartuliyan kuma da ka kawo, idan al'adar daga manzanni ta fito sarai, da bai yi ƙarfin halin cewa a jinkirta ba. A kan jarirai ina tare da Malam Bitrus, kuma ba don raini ba, domin mutane sun biya wannan koyarwa da ransu. A birnin Zurik na Siwizalan, ranar 21 ga Janairu 1525, wasu 'yan'uwa suka yi wa juna baftisma a matsayin manya masu bi, ranar 5 ga Janairu 1527 kuma hukumar birnin ta jefa ɗaya daga cikinsu, Felix Manz, a Kogin Limat a ɗaure har ya mutu. Masu wannan hukunci ba arna ba ne, masu gyaran ikilisiya ne. Mu a EYN, Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, asalinmu daga mutum takwas ne, maza biyar da mata uku, waɗanda suka shiga Kogin Eda a Jamus a 1708 tare da Alexander Mack, jikokinsu cikin bangaskiya ne kuma suka yi sujada ta farko a gindin tsamiya a Garkida ranar 17 ga Maris 1923. Har yau mutum yana durƙusawa ne a cikin ruwa, a nutsar da shi ta gaba sau uku, cikin sunan Uba, da Ɗa, da Ruhu Mai Tsarki.

Amma ɗana Bitrus, ka cire kalmar nan "kawai" daga maganarka. A Romawa 6 Bulus bai ce mun yi kwaikwayon biso ba, ya ce an binne mu tare da Almasihu ta wurin baftisma, domin mu yi tafiya cikin sabuwar rayuwa, kuma a kan wannan ya gina dukan gargaɗinsa cewa kada mu ci gaba da zunubi. A Galatiyawa 3:27 ya ce waɗanda aka yi musu baftisma sun yafa Almasihu. Saurayi da budurwa suna son juna tun kafin ɗaurin aure, amma ba wanda zai ce ɗaurin auren sanarwa ce kawai, domin kafin a ɗaura ba matarsa ba ce, bayan an ɗaura matarsa ce. Iyayenmu da suka fito daga addinin gargajiya sun san wannan fiye da mu. Mutum yana iya zuwa majami'a shekara da shekaru, dangi ba su ce masa kome ba, suna ganin yawo ne na ƙuruciya. Ranar da ya shiga ruwa, ranar ce ake sanin cewa ba zai ƙara riƙe akuyar tsafin gida ba, ranar ce kuma wasu suka rasa gona da gādo.

Saratu:
Iyayena da malamaina, ku yi mini haƙuri in sa baki, domin wannan magana a kaina take. An yi mini baftisma ina jaririya a ikilisiyar da iyayena suke, na yi ajin tabbatarwa, na tsaya a gaban jama'a na furta bangaskiya da bakina, tun daga lokacin kuma ina cin Jibin Ubangiji. Yanzu zan yi aure, dattawan majami'ar mijin da zan aura sun ce sai na shiga ajin baftisma an nutsar da ni kafin a rubuta ni a cikin 'yan ikilisiya, kafin nan kuma ba zan matso kusa da teburin Ubangiji ba. Ruwan ba ya ba ni tsoro, biyayya ma ba ta yi mini nauyi. Abin da ya dame ni shi ne, idan na shiga, me nake cewa game da alkawarin da mahaifina da mahaifiyata suka ɗauka a kaina, da kuma dukan shekarun da na yi ina cin Jibi? Ina cewa ni ba 'yar ikilisiya ba ce a dukan wannan lokaci?

Malam Bitrus:
Ƙanwata Saratu, ba wanda ya ce ke ba mai bi ba ce, domin cetonki ba a ruwa yake ba, wannan ne ma tushen maganata. Abin da iyayenki suka yi, a ganina, miƙa ki ga Ubangiji suka yi, abu ne mai kyau, mu ma muna yi wa 'ya'yanmu ba tare da ruwa ba. Amma tsarin Matiyu 28 shi ne a almajirtar, sa'an nan a yi baftisma, tsarin Markus 16:16 kuma shi ne a ba da gaskiya, sa'an nan a yi baftisma. A Afisa Bulus ya sami almajirai wajen goma sha biyu waɗanda aka riga aka yi musu baftisma, da ya ga ba ta cika ba, aka sake yi musu, ba su kuwa ɗauka zagi ne ga wanda ya fara yi musu ba.

Katikis Fransis:
Mutanen Afisa baftismar Yohanna Mai Baftisma aka yi musu, sun ma faɗa da bakinsu cewa ba su taɓa jin akwai Ruhu Mai Tsarki ba. Saratu kuwa cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki aka yi mata, saboda haka misalin bai hau kanta ba. Bulus ɗin nan ne ya rubuta wa ikilisiyar Afisa cewa Ubangiji ɗaya ne, bangaskiya ɗaya, baftisma ɗaya, kuma shaidar bangaskiya ta taron Kustantiniya na shekara ta 381, wadda yawancinmu muke karantawa ran Lahadi, tana cewa baftisma ɗaya domin gafarar zunubai. Gardamar sakewa tsohuwa ce. A Afirka ta Arewa 'yan Donatus sun riƙa sake yi wa duk wanda ya zo musu daga wata ikilisiya baftisma, suna cewa hannun da ya yi ta farko ba mai tsarki ba ne, Agustin na Hifo ya amsa musu cewa ko wane ne ya zuba ruwan, Almasihu ne mai yin baftisma.

Ku duba yadda abin yake a aikace. Malam Bitrus, idan kai ka zo wurinmu gobe, ba za mu sake yi maka ba, katinka za mu nema, mu tabbata da ruwa aka yi, cikin sunan Allah Uku Cikin Ɗaya. Idan ni na zo wurinku, sai kun kai ni rafi. Ba wai mu ba mu da tsanani ba ne. A 2020 ofishin koyarwa na Fadar Fafaroma ya ce baftismar da aka yi da kalmomin "muna yi maka baftisma" maimakon "ina yi maka" ba ta yiwu ba, kuma an nemo mutanen da abin ya shafa a Amurka aka yi musu yadda ya kamata. Tsananinmu a kan abin da Almasihu ya bayar ne, naku a kan shekarun mai karɓa da yawan ruwa.

Baba Dauda:
Ni ba malamin tauhidi ba ne, manomi ne daga ƙauyukan Kiristoci na ƙasar Katsina, amma na daɗe a kujerar dattawa, abin da ido ya gani zan faɗa. Abin mamaki shi ne, mu da muke cewa baftisma shaida ce kawai, mu ne muka fi kowa gina katanga a kewaye da ita. Mutum zai tuba a taron farkawa, mu ce masa ya sami ceto a daren nan, amma sai ya yi watanni a aji, wani lokaci shekara, ya amsa tambayoyi a gaban dattawa, a binciki zamansa da maƙwabta, sa'an nan a jira ranar da fasto mai naɗi zai zo daga gunduma. Kafin nan ba Jibi, ba zaɓe, ba riƙe muƙami ko a ƙungiyar mawaƙa. Idan alama ce da ba ta ƙara kome, me ya sa katin baftisma ya zama abin da ake nema ranar aure da ranar jana'iza? Filibus bai sa bāban nan na Habasha, ma'ajin sarauniyarsu, a aji ba, a kan hanya suka ga ruwa, aka tsai da karusa. Mai tsaron kurkukun Filibi da tsakar dare aka yi masa, raunukan Bulus ma ba su bushe ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar masu mata fiye da ɗaya. A zamanin mishan, mutumin da bishara ta same shi da mata biyu ko uku, ba a yi masa baftisma sai ya sallami sauran ya bar ɗaya. Da yawa suka ƙi raba 'ya'ya da uwayensu, suka zauna a bencin baya har tsufa, su ne suka ba da filin da aka gina majami'a, 'ya'yansu suka zama masu bishara, su kuwa aka binne su ba baftisma. Muka ce musu sun sami ceto ta bangaskiya, muka kuma hana su shaidar ceton.

Katikis da Rabaran, ku ma kada ku yi murna, domin naku ciwon na gani. Ana kawo jariri da farin kaya, a yi girki, a yi hoto, masu tsaya masa su ɗauki alkawari, daga nan wasu ba a ƙara ganinsu sai ranar da yaron ya zo neman takardar aure. Idan aka tambaye shi ko shi Kirista ne, sai ya nuna kati. Akwai kuma tambayar da nake so masu karatu su amsa mini: a wurinmu, daga watan Fabrairu zuwa Mayu rafuka sun ƙafe, ruwan sha ma sai an bi layi a rijiya. Tsoho mara lafiya da ya ba da gaskiya a watan Afrilu, sai ya jira damina?

Rabaran Ishaya:
Baba, Allah ya ƙara girma, tambayarka ta ƙarshe an amsa ta tun ikilisiya tana ƙarama. Akwai ɗan littafin koyarwa da ake kira Didake, na ƙarshen ƙarni na 1 ko farkon na 2, wanda aka gano kwafinsa a Kustantiniya a 1873. A babi na 7 ya ce a yi baftisma a ruwa mai gudu. In babu, a wani ruwa. In ba za a iya da mai sanyi ba, a yi da mai ɗumi. In kuwa duka babu isasshe, a zuba ruwa a ka sau uku cikin sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Wato shiga ruwa suka fi so, amma ba su mai da yawansa sharaɗi ba. A kan masu mata da yawa, taron bishof-bishof na Anglika a Lambet ya hana yi musu baftisma a 1888, sai a 1988 taron ya yarda a yi musu tare da matansu da 'ya'yansu masu bi, bisa sharaɗin kada su ƙara aure kuma kada a tilasta musu sakin kowa. Shekara ɗari aka yi kafin a kai ga abin da kake faɗa.

Zargin da ka yi mana na karɓa a matsayin gargaɗi, domin baftismar jariri ba tare da reno cikin bangaskiya ba alkawari ne da aka ɗauka aka yar. Ga Saratu kuma, taron Lima na 1982, wanda Majalisar Ikilisiyoyi ta Duniya ta shirya, ya roƙi ikilisiyoyi su guji duk abin da za a iya ɗauka sake baftisma ne. A nan gida ma TEKAN, Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, tun 1955, ta haɗa masu yi wa jarirai da masu jiran girma a tarayya ɗaya, fastocinsu kuma suna zama aji ɗaya a kwalejin tauhidi ta Bukuru. Abin da ake iya yi a taron shugabanni, ban ga abin da zai hana a yi shi a majami'ar unguwa ba.

Malam Bitrus:
Baba Dauda, maganarka tana da nauyi, amma zan kāre ajin baftisma. Baban Habasha yana dawowa ne daga sujada a Urushalima, yana karanta Ishaya a cikin karusa, ba baƙo ba ne ga Nassi. Da bishara ta shiga cikin masu bautar gumaka, ikilisiya ta ga bukatar koyarwa. Littafin tsarin ikilisiya na ƙarni na 3 da ake dangantawa da Hifolitus na Roma ya ce masu neman baftisma su yi shekara uku suna jin Magana, a kuma binciki sana'arsu, mai sassaƙa gumaka ya bari ko a mai da shi. Watanninmu kaɗan ne in aka gwada. Muna tsaron baftisma ne domin shaida ce, shaidar ƙarya kuwa tana ɓata sunan Almasihu a gaban maƙwabtanmu, waɗanda suke lura da mu fiye da yadda muke zato.

Koyarwar cewa ruwa yana wanke zunubi ma tana da 'ya'yanta. A ƙarni na 4 mutane suka riƙa jinkirta baftisma har gadon mutuwa, domin a wanke duka a tashi ɗaya, Sarki Kwanstantin na Roma kansa sai a 337, dab da mutuwarsa, aka yi masa. An manta cewa ba a fafe gora ranar tafiya. Didake da Rabaran ya kawo ya kuma ce wanda za a yi wa baftisma ya yi azumin kwana ɗaya ko biyu kafin ranar, bayan an karanta masa koyarwar hanyar rai da hanyar mutuwa. Ban san jaririn da yake azumi ba.

Rabaran Ishaya:
Littafin Hifolitus ɗin da ka dogara da shi, a bayanin ranar baftisma, ya ce a fara da ƙananan yara. Waɗanda suke iya magana su amsa da kansu, waɗanda ba su iya ba iyayensu ko wani daga dangi ya amsa dominsu. Ajin shekara uku na manya ne masu shigowa daga waje, 'ya'yan gida kuwa tare aka shiga da su.

Katikis Fransis:
Ina da tambaya ɗaya ga Malam Bitrus da Mama Rifkatu, ba don tarko ba. A kusan kowace majami'a akwai wanda aka haifa da naƙasar ƙwaƙwalwa, ya kai shekara talatin ko arba'in, ba ya fashin sujada, yana tafi idan ana waƙa, amma ba zai taɓa iya amsa tambayoyin dattawa ba, ba zai kuma iya bayyana abin da ya gaskata ba. Mu muna yi masa baftisma, domin kyautar ba ta dogara ga fahimtarsa ba. Idan baftisma shaida ce da mutum yake bayarwa, shi yaushe ranarsa za ta zo?

Malam Bitrus:
Irin wannan mutum ina danƙa shi ga jinƙan Allah kamar yadda nake danƙa jaririn da ya mutu, kamar yadda Dawuda ya ce game da ɗansa a 2 Sama'ila 12:23 cewa shi zai je wurinsa. Rashin baftisma ba zai cuce shi ba, domin ba ita ce take ceto ba. Idan bai iya furta kome ba sam, ba zan nutsar da shi ba, kuma ba na ganin na hana shi wani abu da Allah ya ba shi.

Mama Rifkatu:
A nan na rabu da kai, ɗana. Ka hana shi teburin Ubangiji, ka hana shi shiga littafin 'yan ikilisiya, uwarsa kuma tana zaune tana kallon sa'o'insa suna shiga ruwa kowace shekara. Littafi bai ce sai mutum ya haddace amsoshin aji ba, ya ce ya furta da bakinsa Yesu Ubangiji ne, ya gaskata a zuciyarsa. Idan aka tambaye shi ko yana ƙaunar Yesu ya ce i, ko ya ɗaga kai in ba ya magana, ni a zaman dattawa zan goyi bayan a yi masa, a kuma bar tambayoyin Allah Uku Cikin Ɗaya ga waɗanda Allah ya ba su ƙwaƙwalwar amsawa. Wanda ko ɗaga kan ba ya iya yi, Katikis, amsarku ta fi tamu sauƙin faɗa wa uwarsa, amma har yanzu ba ta sa na yarda a yi wa jariri mai lafiya, wanda nan da shekara goma sha biyu zai iya amsawa da kansa, abin da ba zai tuna ba.